Yadda Sabunta Manhaja Ya Sa Aka Koro Yarinya Daga Makaranta Alhali Babanta Ya Biya



Kusan kullum sai wani ya tambaye ni: "Malam, wayata ta ce in yi afdet, in danna ko in ƙyale?" Yau ba zan jero muku matakai kamar yadda muka saba ba. Labarin wata kwaɓa da na yi da hannuna zan ba ku, wadda har yanzu in na tuna sai in ji kunya. Ba a waya abin ya faru ba, a kan uwar garke ne mai ɗauke da rumbun adana bayanai, amma ku bi ni a hankali, za ku ga inda ya shafi wayar da ke hannunku.

Ga wanda bai sani ba, duk lokacin da ka tura kuɗi ta waya, ko ka duba sakamakon jarrabawa, ko mai POS ya zura katinka, akwai wata kwamfuta a can wani wuri da ke amsa tambayar. Ita ce uwar garke. A cikinta akwai manhajar da aikinta kawai ta riƙe bayanai a jere, ta miƙo su in an nema: wane ne ya biya, nawa, yaushe. Wannan shi ne rumbun adana bayanai. Ko a cikin wayarka akwai ƙaramin irinsa mai suna SQLite, a ciki WhatsApp ke zuba duk hirarrakinka.

To ni akwai wata makaranta mai zaman kanta da nake kula mata da irin wannan rumbu. Ba zan faɗi sunanta ba, domin ba su da laifi ko ɗaya a cikin abin da zan faɗa. Uwar garken tasu ba wani abin a zo a gani ba ce, kwamfuta ce guda a ƙarƙashin teburin akanta, tana tafiya da Ubuntu 18.04, rumbun kuma PostgreSQL ne, siga ta 13. Ɗaliban da ke karatu sun kusa 900, in aka haɗa da waɗanda suka gama sunayen sun haura 3,000. Rajista, kuɗin makaranta, sakamako, komai yana ciki.

A ƙarshen watan Mayun 2023 wa'adin tallafin da aka saba ba Ubuntu 18.04 ya ƙare, wato gyaran tsaro ya daina zuwa yadda yake zuwa a da. Na san dole in ɗaga ta zuwa 20.04. Na kuma yi abin da na ɗauka hankali ne, na jira dogon hutu. Wata Asabar a cikin Agusta na je, makaranta tsit, daga ni sai maigadi. Na ɗauki kwafin rumbun da umarnin pg_dump, na leƙa na ga fayil ɗin ya fito da girmansa, na ce alhamdu lillahi. Na sa sabuntawa, ta ɗauki kusan awa biyu, kwamfuta ta mutu ta taso lafiya lau. Na buɗe manhajar makarantar, jimillar ɗalibai daidai, jimillar kuɗi daidai. Na buga lambar wani yaro guda, ya fito. Na rufe ofis, na tsaya wurin mai shayi, na wuce gida ina jin kaina.

Abin da ya kwantar min da hankali a ranar shi ne wannan tunanin: ai ni ban taɓa PostgreSQL ba. Siga ta 13 ce kafin in fara, siga ta 13 ce bayan na gama. Gidan kawai na yi wa fenti, kayan ɗaki na nan inda suke. Ku riƙe wannan maganar.

An koma makaranta a Satumba. Mako na farko shiru, na biyu shiru. A mako na uku, ranar Litinin wajen ƙarfe takwas saura, wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, mai makarantar. Ba ta ma tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinta ba.

"Injiniya, kana ina? Ka zo yanzu don Allah. Ga wani bawan Allah nan a ofis da rasit a hannu, an koro masa 'ya a bakin ƙofa wai ba ta biya ba."

Na hau mashin. Da na isa na tarar da mutumin a zaune, dattijo ne mai 'yar furfura, yarinyar kuma 'yar aji huɗu ta firamare tana laɓe a bayansa, idonta ya yi ja. Bai ɗaga murya ba, kuma wallahi da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Rasit ɗin kawai ya miƙo min ya ce:

"Ɗana, duba min. Akuya biyu na sayar na kawo kuɗin nan tun ranar da aka dawo. A gaban ƙawayenta aka kira sunanta."

Rasit ɗin na gaskiya ne, da hatimin makaranta da sa hannun akanta. Takardar masu bashi da aka ba maigadi ita ma daga kwamfuta ta fito, kuma sunan yarinyar na ciki ɓaro-ɓaro. Duk biyun daga rumbun da nake kula da shi.

Ba zan ɓoye muku ba, a zuciyata malam akanta na fara zargi. Dattijo ne da ya fi sabawa da littafi da biro, na ce ƙila ya danna abin da bai kamata ba. Na ja shi gefe na ce, "Malam, ko akwai wani abu da ya canja tun da aka dawo?" Sai ya ce:

"To, ai tun ranar farko wasu yaran in na buga lambarsu sai ta ce babu. Ga iyaye a layi. Sai in sake shigar da yaro da lambarsa, ta karɓa, in saka kuɗin, in buga rasit."

"Malam, me ya hana ka gaya min?"

"Ai na ɗauka gyaran da ka yi ne ya share su. Na ce kar in dame ka."

Nan jikina ya yi sanyi. Na farko, ban taɓa zaunar da shi na ce ga abin da na yi, in ka ga wani baƙon abu kira ni ba. Na biyu kuma, abin da ya faɗa bai kamata ya yiwu ba sam. Ni da kaina na kafa wa rumbun doka cewa lambar rajista ba za ta taɓa maimaituwa ba. In ka yi ƙoƙarin shigar da lambar da ke akwai, dole ya ƙi. To ya aka yi ya karɓa?

Hajiya ta ba dattijon haƙuri, aka mayar da yarinya aji, aka janye takardar masu bashi gaba ɗaya. Ni kuma na ɗauki sabon kwafin rumbun a filasha na tafi da shi gida. Bayan isha'i na zauna na ce bari in zuba shi a laftof ɗina in bincika a tsanake. Yana cikin zubuwa sai ya tsaya da kuskure: ba zai iya gina fihirisar lambobin rajista ba, saboda akwai lambar da ta zo sau biyu. Na ƙirga, lambobi 37 ne suka zama tagwaye. Kowane yaro daga cikinsu yana da shafi biyu, tsohon da ke nuna ana binsa bashi, da sabon da kuɗinsa ya shiga. Takardar masu bashi tana bin jadawalin ne layi-layi tun daga sama har ƙasa, don haka ta kwaso tsofaffin.

A nan akwai abin kunya na biyu. Shekara uku ina ɗaukar kwafin nan duk mako, amma wannan daren ne karo na farko da na taɓa gwada maido da shi. Da na gwada a makon farko na komawa makaranta, da na kama matsalar tun tana yara biyu ko uku.

Dalilin abin kuwa, sai wajen ƙarfe ɗaya na dare na gano shi, a wani shafi na masu PostgreSQL ɗin kansu. Bari in yi muku misali da ɗakin kati na asibiti, tunda kowa ya san shi. Katuna dubbai ne a jere a kan kanta. Mai kati ba ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya san tsarin jerin, sai ya nufi daidai inda katinka ya kamata ya kasance. To a ce an kawo sabon ma'aikaci da ya koyi wani tsarin jeri na daban, amma ba a sake jera katunan ba. Ka ba shi lambarka, ya nufi inda yake tsammani bisa nasa tsarin, bai gani ba, sai ya ce maka ba ka da kati, ya buɗe maka sabo. Tsohon na nan a kanta ba abin da ya same shi. Wannan jerin shi ake kira fihirisa a rumbun bayanai, kuma da shi ne rumbun ke duba ko lamba ta riga ta wanzu kafin ya karɓi sabuwa.

PostgreSQL, yadda aka fi girka shi, ba shi ne ke yanke hukuncin wace kalma ke gaba da wace ba. Yana tambayar wani ɓangare na babbar manhajar Linux mai suna glibc. A shekarar 2018 aka fitar da glibc 2.28, wadda ta sauya ƙa'idojin jera rubutu sosai, musamman yadda ake ɗaukar alamomi irin su karan ɗori. Misalin da ake bayarwa shi ne 11 da 1-1: a tsohon tsari 11 ke fara zuwa, a sabon tsari 1-1 ne gaba. Ubuntu 18.04 tana da glibc 2.27, ita kuwa 20.04 tana da 2.31. Ashe ranar Asabar ɗin nan sabon mai kati na kawo, na bar katuna a tsohon jeri.

Abin da ya ƙara rura wutar shi ne yadda aka rubuta lambobin namu. Shekara da shekaru magatakarda daban-daban sun yi aiki a ofishin, wani ya rubuta 19/045, wani 19-046, wani ya haɗe su 19047. A tsohon tsari duk suna cakuɗe bisa lambobinsu, a sabon tsari kowane salo ya koma unguwarsa. Yaron da na gwada da lambarsa ranar sabuntawa, sa'a ce kawai ta sa hanyar zuwa gare shi ba ta karkace ba. Yaro guda na gwada cikin dubu uku, na kira shi gwaji.

Kuma an rubuta gargaɗin nan shekaru kafin in yi aikin. Maganin umarni ɗaya ne, REINDEX, a sake gina fihirisa kafin a bar kowa ya shiga. A rumbu ƙarami irin namu ko minti biyu ba zai kai ba. Ban karanta ba ne kawai. Daga siga ta 15 PostgreSQL ya fara lura da wannan da kansa yana yin gargaɗi in tsarin jeri ya canja a ƙarƙashinsa, amma tawa ta 13 ko uffan ba ta ce ba.

Wani zai ce ai kana da kwafin watan Agusta, ka koma kansa mana. Ina! Kuɗin makaranta na mako uku ya riga ya shiga, na ɗaruruwan yara. Komawa baya na nufin share su duka, gudun gara ke nan a faɗa gidan zago. Ƙofar komawa a buɗe take ne kawai kafin sabon bayani ya fara shiga, ni kuwa na bar ta ta rufe ban ma sani ba. Dole aka yi gyaran da hannu. Dare biyu ni da malam akanta muna zaune da littattafan rasit, yana karanto lamba ina haɗe shafuka biyu su koma ɗaya, har muka gama 37 ɗin, sannan REINDEX ya yarda ya wuce. Yara huɗu ne aka kira sunansu a bakin ƙofa a ranar. Na roƙi Hajiya ta bar ni in je wurin iyayen da kaina, domin ban so a ce akanta ne. Dattijon nan da na je gidansa ya saurare ni har na gama bayanin katunan asibiti, sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya kiyaye gaba. Amma ita za ka ba haƙuri, ba ni ba." Aka kira ta, na durƙusa na ba 'yar shekara tara haƙuri.

Daga baya da nake karance-karance na ga ashe ba ni kaɗai ba ne. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin gajiyar dare, ya goge bayanan babban rumbunsu yana zaton yana kan na biyu ne, kusan gigabait 300. Da suka juya ga ajiyarsu ta ko-ta-kwana, hanyoyi biyar suke da su, ba wadda ta yi aiki yadda ake zato. Ɗaya daga ciki pg_dump ce irin tawa, amma ta siga 9.2 alhali rumbun 9.6 ne, don haka ta daɗe tana faɗuwa shiru, saƙon gargaɗin ma ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin lamarin, suka yi asarar bayanan wannan tsakanin. Sun fito fili sun faɗi komai, har gyaran ma kai tsaye suka nuna a YouTube. Na ji ɗan sanyi, amma ba sosai ba. Su dai ba su sa an kira sunan yarinya a gaban ƙawayenta ba.

Bayan wannan na yi wata uku ina tsoron taɓa kwamfutar. Duk sanarwar sabuntawa da ta zo sai in kau da kai, ina cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan ma wauta ce, ta wani fannin. A watan Janairun 2003 wata tsutsar kwamfuta mai suna Slammer, girmanta bait 376 kacal, ta kama uwayen garke kusan 75,000 masu rumbun SQL Server cikin kimanin minti goma, ta durƙusar da intanet a Koriya ta Kudu, dubban na'urorin cirar kuɗi a Amurka suka tsaya. Maganin ramin da ta bi kuwa Microsoft ta fitar da shi wata shida kafin nan, mutane ne ba su saka ba. Rumbun da ke ɗauke da sunayen yara da lambobin wayar iyayensu ba abin da za a bari da tsohon rami ba ne. Ga shi kuma kowace babbar siga ta PostgreSQL shekara biyar ake tallafa mata, tawa ta 13 wa'adinta Nuwamban 2025. Ko na so ko na ƙi, sai na sake yin aikin.

Na yi shi a hutun Disamban 2024, daga 13 zuwa 16, kuma yadda na yi shi ne ainihin abin da nake so ku ɗauka.

Na fara da karatu, mako biyu kafin ranar. A PostgreSQL lambar farko ita ce babbar siga, ta biyu ƙarama. Daga 16.5 zuwa 16.6 gyare-gyare ne kawai, ka tsayar da rumbu, ka saka, ka tayar. Daga 13 zuwa 16 kuwa ƙaura ce, tsarin ajiyar fayilolin kansa ya bambanta. Amma ko ƙaramar ba a yi mata gaba-gaɗi. A watan Yunin 2022 an fitar da 14.4 cikin gaggawa saboda wata matsala da ke iya lalata fihirisa, kuma takardar bayanin ta ce a sake gina waɗanda abin ya shafa. Wanda ya saka bai karanta ba, ya toshe ramin amma ɓarnar da ta riga ta faru na nan. Na zauna na karanta takardun 14, 15 da 16 ɗaya bayan ɗaya, musamman sashen abubuwan da suka canja hali. Aiki ne mai gundura, ba zan yi muku ƙarya ba.

Sai gwaji. Na zuba kwafin rumbun a laftof mai siga 16, na haɗa manhajar makarantar da shi, na kira malam akanta ya zauna ya yi aikinsa na yau da kullum a kai: ya nemi yaro, ya saka kuɗi, ya buga rasit, ya fitar da takardar masu bashi. Shi ya san yadda aikin yake in yana lafiya, ni allon farko kawai na sani. Na kuma duba agogo, na ga duk ƙaurar minti ashirin ce. Sau biyu na maimaita, ina rubuta kowane umarni a takarda bi da bi, don ranar aiki kar in dogara da ƙwaƙwalwata.

Hanyar komawa baya ita na fi ba muhimmanci. Na roƙi Hajiya ta sayi kwamfuta ta biyu, ta ɗan yi ƙorafin kuɗi, na tuna mata ranar Litinin ɗin nan, ta sa hannu. Na girka komai a sabuwar, na zuba bayanan ta hanyar kwafi da maidowa, wadda ke gina kowace fihirisa sabuwa fil. Tsohuwar ban taɓa ko fayil ɗaya a cikinta ba, na kashe ta na ajiye. In sabuwar ta ba da matsala, waya ɗaya zan cire in mayar. Masu manyan rumbuna ba su da wannan sauƙin, sukan yi amfani da pg_upgrade, kuma yana da wani salo mai sauri da ba ya kwafe fayiloli, yana jingina da tsofaffin ne, amma da zarar ka tayar da sabon rumbun tsohon ya daina zama abin dogaro. Masu MySQL ma haka, in ka hau 8.0 daga 5.7 babu saukowa sai dai ka maido daga kwafi. Kowane aiki yana da wurin da in ka wuce shi ba dawowa, kuma gara ka san wurin tun kana gida.

Akwai kuma abubuwan da takardun Turawa ba sa damuwa da su. Wuta, alal misali. Na tabbatar batirin inbata a cike yake, an zuba wa janareto mai, kafin in danna komai, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar rubuta bayanai ba abin wasa ba ne. Wanda kuma ke aiki daga nesa ta intanet, ya sa aikin a cikin tmux ko screen, don in netwok ya yanke umarnin ya ci gaba da tafiya. Kwafin ma wuri uku na ajiye shi, a kwamfutar, a faifan waje da ke gidana, da kuma a intanet bayan na kulle shi da kalmar sirri. A da duk kwafina a cikin kwamfutar da nake tsoron ta lalace nake tara su. Ku duba min wannan lissafi.

Ban haɗa aiki biyu a rana guda ba, ko manhajar makarantar ban sabunta ba sai bayan mako biyu, don in wani abu ya lalace in san wa zan kama. Ba na kuma rawar ƙafa a ranar da sabuntawa ta fito. Ƙananan gyare-gyaren PostgreSQL kan zo ne a Alhamis ta biyu ta Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba. Na ranar 14 ga Nuwamban 2024 sun zo da tangarɗa, sai da aka sake fitar da wasu ranar 21. Kun kuma tuna ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar CrowdStrike guda ɗaya ta kifar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Don haka nakan ɗan jira kwanaki in ji labari, sai fa in an ce ɓarayi sun riga sun fara bin ramin, a nan ba jira.

Bayan ƙaura na sa ANALYZE, wanda ke sa rumbu ya sake auna jadawalinsa don ya san hanya mafi sauri, in ba haka ba sai ka ga sabuwar siga ta fi tsohuwa nawa ka rasa dalili. Na gwada lafiyar fihirisa da amcheck. Na kwatanta adadin layuka da jimillar kuɗi na tsohuwa da sabuwa. Sannan na rubuta ɗan umarni da ya nemi kowace lambar rajista ɗaya bayan ɗaya, duka dubu uku da ɗoriya, ba guda ɗaya ba.

Yanzu mu dawo kan wayarka. In ta ce ka sabunta, amsata ita ce ka sabunta, amma ba a tsaye a tasha da caji kashi 12 ba. Ka bari sai dare a gida, batir ya wuce rabi, akwai fili a waya, akwai isasshiyar data ko Wi-Fi. Kafin nan shiga WhatsApp, wurin ajiyar hira, ka duba kwanan watan ajiya ta ƙarshe da idonka. Mutane da yawa na samun an yi wata takwas rabon da ta yi, ko don Google Drive ya cika ko don an saita ta sai da Wi-Fi. Hotuna da lambobin waya ma haka. Abin da ya fi kama mutanenmu kuwa shi ne asusun Google: mai shagon waya ne ya buɗe musu, ba su san adireshin ba balle kalmar sirri. Ranar da waya ta rikice aka wanke ta, za ta nemi wannan asusun kafin ta buɗe, kuma duk ajiyarka na cikinsa. Gwada shiga da shi a wata wayar tun yau, shi ne naka gwajin maidowa. Ka sani kuma yawancin wayoyi in sun hau sabuwar Android ba sa yarda su sauko, waɗanda ke yarda ma sai an share komai. In gobe da safe kana da tafiya ko cinikin da ya dogara da manhajar banki, bari sai ka dawo. Bayan ta gama, buɗe manhajojin da rayuwarka ta rataya a kansu ɗaya bayan ɗaya tun a daren. Manhajar banki kuma daga Play Store ko App Store kawai, ba fayil ɗin da wani ya turo a guruf ba.

A makarantar kuwa, malam akanta ya ƙirƙiro nasa tsarin ba tare da na sa shi ba. Ya rubuta lambobin yara goma a 'yar takarda, wasu masu karan ɗori, wasu masu karan tsaye, wasu a haɗe, ya manna ta da salatif a gefen allon kwamfuta. Duk ranar da ya ji na ce zan zo gyara, washegari da sassafe kafin ya karɓi kuɗin kowa sai ya buga su duka goman, sannan ya kira ni. Ba ya ma sallama sosai, sai dai in ji, "Injiniya, goma sun fito." Lambar yarinyar nan ce ta farko a takardar.